Mutumin Maraɗi a Tsibirin Masunta

Shekarar da na aje aikin koyarwa, ɗiyata ta fari da ke aure a Abijan ta matsa mini sai na je hutu wurinsu. Ni ba mutumin tafiya ba ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli a lakwal-lakwal na Maraɗi, in an ba da babban hutu kuma garkarmu ta Jiratawa nake komawa. Iyakar nisan da na taɓa yi Yamai ne da Kano. Amma ta riƙa kira safe da yamma, mijinta ma ya sa baki, har mai ɗakina ta gaji ta ce, "Malam, ka tahi mana. Tun da ka bar lakwal ba ka da aiki sai gyara mini zaman tukwane." Ita ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, don haka ni kaɗai na hau kar, babbar motar fasinja, daga Maraɗi. Kwana uku muka yi a hanya, na sauka ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Abijan ba ta yi mini ba. Na ɗauka hayaniyar baburan kabu-kabu ta garinmu ita ce ƙarshen hayaniya, ashe ban ga komai ba. Surukina ya lura. Ɗan Tibiri ne, mutum mai kunya, sana'arsa kifi banda: yana bin ƙauyukan bakin teku yana saye, ya ɗaure a kwali ya aika arewa. Ran kwana na biyar ya durƙusa gefena bayan mun karya kumallo ya ce, "Baba, akwai wani tsibiri da nike sayen kihi. Ba mota, ba babur, ba komi sai ruwa da kwakwa. Ina so mu tahi mu yi kwana huɗu ka huta." Ya ƙara da cewa, "Akwai ma wani dattijo mutumin wajenmu can." Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Ina ne babu mutumin wajenmu?

Mu uku muka tafi, ni da shi da ɗiyata. Mun yi rabin yini a mota, sai hanya ta ƙare a bakin wani ruwa mai faɗi, kwance lumui kamar an shimfiɗa shi. Aka ce mu shiga kwalekwale mai inji. Ni ruwan da na sani Gulbin Maraɗi ne, wanda yake zuwa da damina ya tafi ya bar mana rairayi, sai kuma tabkin Madarunfa da na taɓa kai ɗalibai su gani daga baki. Na shiga na riƙe gefen jirgin nan har farcena ya yi zafi. Ɗiyata tana ta dariya, tana cewa, "Baba, buɗe idonka mana, ka ga tsuntsaye." Ban buɗe sosai ba sai da na ji gindin jirgi ya gogi ƙasa.

Tsibirin siriri ne, dogo. Ta gefen da muka sauka ruwan nan ne mai kwanciya, ta ɗaya gefen kuma teku ce, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai daga gidana zuwa masallacin unguwarmu ta Zariya a Maraɗi ba. Gidajen na ganyen kwakwa ne da gora, kaɗan na siminti da kwano mai tsatsa. Abin da ya fara ɗaure mini kai, babu katanga ko ɗaya. Ba zaure, ba ƙofar gida da za ka tsaya ka yi sallama. Mace tana girki kana gani, tana wa jariri wanka kana gani, ta ɗago ta gaishe ka ta ci gaba da aikinta. Na rasa inda zan aje idona. Akwai ɗan coci mai farin fenti, akwai ɗan masallaci da bai fi sahu uku ba. Shirun wurin kuwa har kunnena ya riƙa ƙara, don tun da aka haife ni ban taɓa zama inda babu kukan inji ko na jaki ba.

Sai surukina ya zaga da ni ta bayan kwakwa, na ga teku. Na tsaya cak, salati ya kuɓuce mini. Na koyar da ita a aji shekara da shekaru, na zana ta a allo da shuɗin alli, na sa yara sun haddace sunanta, ban san haka take ba. Ruwa ya taso kamar gini, ya faɗi da ƙara, ya ja da baya, wani ya taso. Ba gaɓa a ɗaya gefen, ba itace, ba komai. Kumfa ya zo ya taɓa mini ƙafa, na ji rairayin yana zamewa a ƙarƙashina, na yi baya da gudu ina riƙe da hulata. Wasu mata da ke wanke kwanduna suka yi ta ƙyalƙyala dariya.

Wata tsohuwa mai ɗakunan baƙi ta sauke mu. Ta kawo mana garin rogo turarre da suke kira aceke, da kifi gasasshe, da wata miya da ƙaguwa a ciki da ƙafafunta duka. Na ture ƙaguwar gefe da cokali, na ci kifin. Aka sare mini kwakwa ɗanya na sha ruwanta. Bayan azahar na kwanta a tabarma ƙarƙashin inuwa, iska tana kaɗawa, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Da na tashi na ce wa surukina, "Allah shi yi maka albarka. Nan kam wurin hutu ne." Ya ce amin, bai dube ni ba.

Washegari da hantsi muka je kallon jan taru. Tun asuba jirgi ya kai shi cikin teku, yanzu gari duka ya fito, maza da mata, sun yi layi biyu suna jan igiya da waƙa, taki ɗaya baya, taki ɗaya baya. Da tarun ya iso gaɓa kifi ya riƙa tsalle yana walƙiya, manya da ƙanana, har da wani mai faɗi kamar faifai da doguwar wutsiya. Ni ina ta tambaya kamar ɗan aji ɗaya, surukina kuwa hankalinsa ba ya wurin. Sai shafa ƙeya yake yi yana duban ƙarshen gari. Can ya ce, "Baba, mu je mu gaida dattijon nan."

A ƙarshen gari akwai wata rumfa kusa da murhun banda, hayaƙi yana tashi a hankali. Wata mace mai jiki tana juya kifi a kan raga. Wani tsoho yana zaune a kan kututture ya ba mu baya, taru a cinyarsa yana ɗinki, ƙafarsa ta dama a miƙe, ta kanannaɗe daga gwiwa zuwa ƙasa. Yana magana da matar da yaren wurin. Surukina ya yi sallama. Bai juyo ba ya amsa, "Wa alaikumus salam, ɗan Tibiri. Ka iso? Ya hanya?"

Muryar na fara ganewa. Muryar mahaifinmu ce, mai ɗan kaushi a ƙarshe, kuma mutum ɗaya ne ya gaje ta a gidanmu. Ya juyo. Gashinsa ya yi fari fat, rana ta ƙone shi, haƙoran gaba biyu babu. Amma a saman girarsa ta hagu akwai tabo, kuma ni na yi masa shi da bakin hauya muna yara, muna faɗa a kan wa zai hau jaki. Ya dube ni, allurar ɗinkin ta faɗi daga hannunsa. Ya kira ni da sunan da Inna kaɗai take kirana da shi, sunan da ko ƴaƴana ba su sani ba.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda muka yi wa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a Tibiri shekara talatin da uku da suka wuce.

Ga yadda abin ya kasance. Ina makarantar horon malamai lokacin da ya tafi cin rani bakin teku, bayan damina biyu sun ƙi. Ya bar matarsa da jaririya ƴar wata biyar. Bai cika shekara ba sai abokan tafiyarsa biyu, mutanen Jiratawa, suka dawo da jakarsa da katinsa na ɗan ƙasa. Suka ce ya samu aiki a jirgin masunta, jirgin ya kife a idon mutane, an tsamo gawa huɗu, tasa ba a gani ba. Suka rantse a gaban limam da dattawa. Matarsa ta yi takaba ta gama. Bayan shekara guda, da na fara aiki, Inna da kawunnanmu suka kira ni suka ce kada yarinyar nan ta tashi a gidan wani. Aka tambayi matar, ta yarda, ni ma na yarda. Ita ce mai ɗakina da na baro a Maraɗi, uwar ƴaƴana biyar. Jaririyar kuwa ita ce ɗiyata ta fari, wadda take tsaye a bayana a rumfar nan da gyalenta a kafaɗa. Ba mu taɓa ɓoye mata ba, ta san mahaifinta ya rasu a ruwa tana goye.

Na zauna daɓas a kan rairayi. Ina jin bakina yana ta a'uziyya, don har ga Allah abin da ya fara zo mini shi ne ba mutum ba ne. Ɗiyata ta dafa ni tana cewa, "Baba, lahiya? Mi ya hwaru? Ka san shi?" Surukina ya durƙusa a tsakaninmu, kansa a ƙasa.

"Ku gahwarce ni," in ji shi. "Shekara biyu ke nan ina zargi. Ya ce mini shi mutumin wajen Maraɗi ne, bai taɓa hwaɗin gidansu ba. Amma duk ran da ya yi dariya sai in ga hoton marigayi wan Baba da ke ɗakin Baba. Na ji tsoron in hwaɗa ya zama ba shi ba ne. Na ce in kai ne, kallo ɗaya ya isa."

Ɗiyata ta dubi mijinta, ta dubi tsohon, ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta ja da baya har ta jingina da ginshiƙin rumfa, ta sa gefen gyale ta rufe bakinta.

Matar nan mai banda ta bar kifinta ta kawo mini ruwa a kofin roba. Na karɓa, rabi ya zube a rigata. Na dubi tsohon na ce, "Yaya, kai ne?"

Ya ce, "Ni ne."

"Da ranka?"

"Da raina."

Ya ba da labarinsa yana tsayawa yana laluben kalmomi, don Hausar ta yi masa nauyi a baki. Da jirgin ya kife ya rungumi wani bido, jarkar roba, ruwa ya yi ta tafiya da shi yini da kwana. Mutanen tsibirin nan suka tsince shi, ƙafarsa ta karye wuri biyu, bai san inda yake ba. Tsohon da ya tsamo shi ya aje shi a gidansa, ɗiyar tsohon ta yi jinyarsa, ita ce matarsa yanzu, wadda ta ba ni ruwa. Ya fi wata shida bai taka ba. Da ya fara takawa ya ce ba zai koma gida gurgu hannu wofi ba, bari ya ɗan yi aiki tukuna. Bai iya rubutu ba, tsibirin kuma babu mai jin Hausa. Wata ya bi wata. A shekara ta uku ya shirya, ya haye zuwa birni neman mota. A tasha ya gamu da wani mai sayar da albasa ɗan Tibiri da bai gane shi ba, ya tambaye shi labarin gari kamar baƙo. Mutumin ya ba shi labarin gidanmu tiryan-tiryan: babban ya mutu a ruwa, ƙanen ya zama malamin lakwal, ya auri matar, har ta haifa masa namiji.

"Na zauna a tashar nan har rana ta hwaɗi," in ji shi. "Na ce in na tahi, wa zan ce ma ya tashi? Kai, ko ita, ko jaririn? Sai na komo."

A nan ne firgicin ya juye mini ya zama fushi. Ban taɓa ɗaga wa wana murya ba tun muna yara, amma ran nan na ɗaga har masu jan taru suka juyo. Na ce, "To Inna hwa? Inna mi ta yi maka? Shekara tara ta yi bayanka. Duk Juma'a sai ta yi maka sadakar ƙosai. Idonta ya mutu don kuka. Ran da za ta cika sunanka ta kira, ba nawa ba. Ko saƙo ba ka iya aikowa a ce mata kana numhwashi?"

Bai kare kansa ba. Ya ce, "Na sani. Na ji rasuwarta bayan shekara biyu. Wannan kam ba ni da abin cewa." Ya sunkuyar da kai, hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a kan tarun.

Sai ɗiyata ta yi magana daga inda take. Ba ta kira shi da komai ba. Ta ce, "Ka taɓa tambayar ko ina raye?"

Ya ce, "Duk ɗan arewa da ya taka tsibirin nan sai na tambaye shi Tibiri, in bi da dabara har in zo gidanmu. Na ji kin shiga lakwal. Na ji an yi miki aure." Ya nuna surukina da haɓa. "Wannan, zuwanshi na biyu ya hwaɗi sunan surukinshi, na san ko wane ne. Tun ran nan ban bari kowa ya zaɓa mishi kihi ba sai ni."

Surukina ya ɗago da baki buɗe. Shi da yake ganin shi ke riƙe da sirri, ashe shekara biyu ana kallonsa. Ɗiyata ta ce, "Ni ubana guda ne, ga shi nan zaune ƙasa." Ta zo ta kama hannuna ta tashe ni, muka koma masauki. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Na zauna a ƙofar ɗaki ina kallon kaji suna tono a rairayi, ina lissafin ƴaƴana ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina matsayin auren da aka haife su a ciki.

Na so mu bar tsibirin washegari, amma jirgin da ke zuwa bakin hanya sai bayan kwana biyu. Da safe na ga wana yana tahowa yana jan ƙafa, da sanda a hannu. Ya zauna nesa da ni kaɗan kamar baƙo. Sai ya fara tambayata mutane. Kawu wane? Ya rasu. Limamin unguwa? Ya rasu. Abokinsa da suke kokawa tare? Yana nan, ya makance. Yayarmu mace, babbarmu duka? Tana nan Tibiri, ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Nan ya yi ƴar dariya, na ga abin da surukina ya gani. Ya tambayi garka, na ce yanzu da injin ban ruwa muke yi, muna sa tattasai da zogale. Ya ce abin da ya fi kewa a duniya fura ce. Shekara talatin da uku bai sa hatsi a bakinsa ba sai sau biyu.

Ya zaga da ni garin. Kowa ya san shi, da yarensu suna kiransa da wata kalma da ya ce ma'anarta wanda ruwa ya kawo. Ya nuna mini gidansa, da hoton ƴaƴansa uku da suke aiki a birni, ba wanda ke jin Hausa a cikinsu. Matarsa coci take zuwa, shi kuma shi ke kiran salla a ɗan masallacin nan. Da yamma na ga abin da ya ƙara kashe mini jiki: mutumin da ko gulbi ya kawo ba ya yarda ya tsallaka sai an riƙe masa hannu, ya aje sanda a gaɓa ya faɗa cikin teku yana iyo kamar kifi, ya je ya kamo igiyar wani jirgi. A cikin ruwa gurguntar ba ta nan.

Sai a rana ta ƙarshe ya tambayi mai ɗakina, shi ma bai ambaci sunanta ba. Ya ce, "Tana lahiya?" Na ce lafiya lau, sai gwiwa. Ya ce tun ranar da ya komo daga tasha ya je gaban limamin tsibirin na lokacin ya sauwaƙe mata, don kada ya riƙe ta da igiyar da ba ta san da ita ba. Ya sa aka kira limamin yanzu da surukina, ya maimaita a gabansu. Na ce masa ya zo mu tafi gida ko na wata guda ne. Ya girgiza kai. "In na je kallo za a yi ta zuwa yi. Ita kuma ina za ta sa kanta? Bar ni nan."

Da za mu shiga jirgi ɗiyata ta wuce shi ba ta tsaya ba. Har ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta komo ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida manya, a gajarce, ta tashi. Ya ɗaga hannu kamar zai dafa kanta, bai kai ba. A hanyar komowa ban riƙe gefen jirgi ba, ban ma san mun haye ba.

Kwana uku na kar zuwa Maraɗi na yi su ina shirya yadda zan faɗa. Duk abin da na shirya ya watse da na shiga gida. Na bari aka yi la'asar, yara suka fita, tana zaune a tsakar gida tana gyaran zogale. Na ce, "Hajiya, aje wannan, magana gare ni." Na faɗa mata a miƙe, ba kwana-kwana. Ta yi dariya tukuna, ta ce rana ta buge ni a hanya. Na buɗe salula, wayata ta hannu, na nuna mata hoton wana da surukina ya ɗauka. Ta riƙe ta kusa da ido, ta daɗe. Sai ta aje a hankali a kan tabarma, ta tashi ta shiga ɗaki ta jawo mayafi. Na ce ina za ki. Ta ce, "Jiratawa, gidan babban ɗan'uwana. Ba na kwana ɗakin ga sai na san ko ni matar wa ce."

Washegari na tafi Tibiri wurin wani malami dattijo da ya karantar da mu tun muna yara. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa na maimaita yadda shaidu suka rantse da yadda aka yi takaba, da sakin da wana ya yi. Ya tara wasu malamai biyu suka duba littattafai har azahar. Suka ce aure yana nan daram, ƴaƴa kuma nawa ne ba shakka, ba wanda ya yi laifi a cikinmu. Na fito na zauna a dakalin ƙofar gidansa, sai a lokacin na yi kukan da ban yi a tsibirin ba.

Daga nan na wuce gidan yayarmu. Na ji tsoron kada labarin ya kayar da ita, sai ga shi ita ta fi kowa ƙarfi. Ta ce a kira mata wana yanzu-yanzu. Surukina ya riga ya bar masa salula, aka yi sa'a ta shiga. Ta karɓa ta zage shi tas, tun daga kan Inna har kan kuɗin goron sadakarsa da ta ce ta sayar da akuyarta ta saya. Maƙwabta suka taru a ƙofa. Da ta gaji ta share ido da bakin zane, ta ce, "To kana cin abinci dai ko? An ce ka rame."

Mai ɗakina kwana tara ta yi a Jiratawa. Na aika mata da hukuncin malamai. Ran na goma da hantsi na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, ta shigo tana ɗingishi da ƙullin tattasai a hannu. Ta zauna ta huta, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Malam, ka gaya mishi na yahe abin da ke tsakanina da shi. Amma na yi mishi takaba wata huɗu da kwana goma, ban taɓa kitso ba, ban taka ƙohwar gida ba. In ya tashi mutuwa ta gaske, kada kowa ya dube ni." Ta tashi ta shiga madafa ta tarar na sake wa kayanta wuri, ta yi ta faɗa har azahar.

Wana yana nan da ransa har yau, bai zo ba, ni ma ban koma ba. Ɗiyata takan bi mijinta tsibirin jefi-jefi, har yanzu ba ta samo sunan da za ta kira shi da shi ba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kira ni mu yi hira, yawanci a kan mutanen da. Da farko in ta ji muryarsa mai ɗakina ficewa take yi zuwa maƙwabta. Daga baya ta daina fita, amma ba ta taɓa karɓar salular ba. Kwanan baya yana tambayata wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin kasuwar Tibiri, wadda take korar mu da muciya. Ni da shi muka yi ta lalube, sunan ya ƙi zuwa. Daga cikin madafa, ba tare da ta leƙo ba, mai ɗakina ta ɗaga murya ta faɗi sunan, har da na mijin tsohuwar. Daga ɗaya gefen wana ya ce, "Ita ce kuwa." Muka ci gaba da hirarmu.